Buhun Kayan Kiɗan da Kika Bari a Bayan Ƙofa

Haɗeja, ranar Lahadi, ƙarfe goma da kwata na safe. Ruwan da aka tashi da shi ya ɗauke. Babanki ya tafi fadama duba shinkafa, ƙannenki suna Islamiyya, ni kaɗai ce a gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, ina fatan kin sauka lafiya, kin sami masauki mai tsabta da mutanen kirki. Allah ya tsare ki a can, ya kiyaye lafiyarki da mutuncinki, ya sa ki gama abin da ya kai ki cikin sauƙi. Kowa a gida yana lafiya, kowa yana gaishe ki.

Kin san ba na iya zaunar da ke in yi miki doguwar magana. Ke ce ta fari, kuma sunan surukata gare ki. Tun kina goye, in aka yabe ki sai in kawar da kai. Shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya da na shiga share ɗakinki na ga buhun a bayan ƙofa, a ɗaure yadda na ɗaure shi. Na kwance na duba. Shantu yana nan, ƙoren suna nan, da caki, da sarewar kara, da 'yar ganga. Ba abin da ya ragu, don haka na san ba mantuwa kika yi ba. Ƙanwarki Safiya ta gaya mini abin da kika ce mata a tasha: gwajin koyarwa ne kawai na zango ɗaya, za ki koyar da kiɗa a allo, ki sami makinki ki dawo. Ta ce kin ce ba kya son hayaniyar yara, kuma ba kya son a ce wata 'yar Haɗeja ta zo ƙasar Birniwa tana mayar da 'ya'yan mutane maroƙa.

Ban ji haushi ba. Tsoro na ji, domin ni ma ta nan na fara.

Kada ki ɗauka digirin da aka ba ni watan jiya ne yake magana. Duk shekarun da na yi ina zuwa karatun hutu, na zauna a aji ɗaya da sa'anninki, abin da na fi samu shi ne sunayen kurakuran da na riga na yi da hannuna. Su zan faɗa miki. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Ni ba a aji na fara jin kiɗa ba. A ƙauyenmu na ƙasar Guri, in an yi la'asar mata sukan sauka bakin ruwa wanke ƙore. Kakata Yagana takan kifa ƙwarya a kan ruwa ta buga ta da yatsu. In ta ɗan ɗaga gefe iska ta shiga, sai ƙarar ta canza, ta yi zurfi kamar daga cikin rijiya. Wata ta ɗauka da ƙaramar ƙwarya, wata da tafi, mu yara muna tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, tsuntsaye suna wucewa ta kanmu za su kwana. In na kai hannu sai ta buge shi ta ce, "Ke, tsaya. Kin ji inda na tsaya? Ba ki ji ba. To saurara tukuna." Har yau in na ji warin ɗanyar ƙwarya sai in ga kamar ina wurin. Da wannan na girma, amma ranar da aka ba ni aji sai na ajiye shi a waje, kamar takalmi.

Kuskurena na farko shi ne wanda kike shirin yi. A makarantar da aka fara tura ni, aka ba ni 'yan aji uku. Na zana kalangu a allo, na yi masa kyau, har da tsarkiyarsa. Na rubuta a ƙasa cewa kalangu kayan kiɗa ne da ake yi da itace da fata. Yara suka kwafa, suka haddace, suka ci jarrabawa. Na yi zango biyu a haka ina ganin ni malama ce. Wata rana hedimasta ya kira ni ofis, na ɗan daɗe. Da na dawo, tun daga nesa na ji ajina yana kiɗa. Layin taga suna buga benci da tafin hannu, layin tsakiya suna amsawa da gindin biro, wani a baya yana cika musu da baki. Ba wanda ya sha gaban wani. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata tana bi ban sani ba. Da suka gan ni suka yi tsit. Kin san abin da na yi? Na ɗauki bulala na bi su layi-layi saboda sun yi surutu. Na dake su a kan abin da aka ɗauke ni aiki in koya musu.

Ummi, yaran da za ki tsaya a gabansu ba kurame ba ne. Sun zo da kiɗa daga gida, daga dakan uwayensu da waƙar raino da gaɗa. In kika tsaya a allo za su ci jarrabawa, ke ma za ki ci, kuma za su koyi cewa abin da ke hannunsu laifi ne. Allo yana da amfani, amma bayan hannu ya taɓa.

Na biyu, tsoron ɓarna. Bayan an mayar da ni wata makaranta kusa da kogi, wata ƙungiya ta kawo mana akwatin kayan kiɗa. Akwai ƙananan ganguna, da sarewar roba, da wani abu mai jerin katako da ake bugawa da 'yan sanduna. Hedimastanmu, Malam Sule, ya miƙo mini mabuɗi ya ce, "Malama Hadiza, ga amana. In ɗaya ya fashe ke za ki je ofis ki yi bayani, ni ba ruwana." Wasa yake yi ko da gaske, ban sani ba, amma ni na ɗauka da gaske. Na kulle akwatin a ofishinsa. Kullum ina cewa sai yara sun ƙara hankali. Ina buɗewa in ƙirga in mayar. A daminar nan kogi ya cika ya tsallake jinga, ruwa ya shiga makaranta, aka rufe ta. Da muka dawo na buɗe akwatin a gaban Malam Sule. Fatun sun yi fumfuna sun saki, katakon ya kumbura, abin da ruwa ya bari gara ta gama da shi. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Malama, ita dai gara ta halarci darasinki." Aka yi ta dariya. Ni da na koma gida kuka na yi, domin ba yaro ko ɗaya da ya taɓa jin muryar kayan nan.

Abin da za a ba yara dole ya fashe wata rana. Ki yarda da wannan tun yanzu. Ƙwarya in ta tsage ana ɗinke ta, in ta ƙi a samo wata. Ki koya musu yadda ake riƙewa da yadda ake ajiyewa. Fata ba ta son danshi. In ganga ta saki ki sa ta a rana ta ɗan lokaci, kada ki kai ta bakin wuta, na taɓa fasa ɗaya a haka. Amma kada ki adana abu har ya mutu a hannunki.

Na uku ya zo ne daga gyaran na biyu. Da na ga asarar da na yi, sai na ce ba zan ƙara kulle komai ba. Na tara gwangwanaye na zuba musu tsakuwa, na yanko kara, na roƙi ƙore a gidaje, na samo 'yar ganga. Ranar da na kai su aji na raba wa kowa nasa a lokaci ɗaya, na ce, "To, bismillah." Ummi, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ina magana ba na jin muryata. Biyu suna kokawa a kan ganga, wata tana kuka an buga mata caki a ka. Malama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna da ke koyarwa a ajin da ke jikin nawa, ta leƙo ta taga ta ce, "Hadiza, biki ake yi ba ki gayyace ni ba? Ina amaryar?" Na ce, "Don Allah shigo ki taimake ni." Ta shigo. Ta ɗaga hannu sama ta dunƙule shi, ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya har suka yi shiru don kansu. Sannan ta juyo ta ce mini a hankali, "Kin koya musu farawa, ba ki koya musu tsayawa ba. A ƙungiyar mawaƙanmu ta coci, tsayawa muke fara koya wa yaro."

Daga ranar na canza, kuma abin da zan faɗa miki yanzu na gwada shi shekara da shekaru. Kafin ki fito da komai, ki koya musu alamar shiru da alamar farawa, da hannu, ba da ihu ba. Ki fara da jikinsu: tafi, sannan buga cinya, sannan ƙafa. Ki yi gajere su maimaita. Sai sun iya tsayawa tare za ki kawo kaya. In kin raba, kowa ya ajiye nasa a ƙasa a gabansa, hannu a gwiwa, har ki ba da alama. Ba dole kowa ya riƙe abu ba. Layi ɗaya su buga, sauran su yi tafi, sannan a juya. Ki lura da wanda bai taɓa miƙo hannu ba, ki ba shi tun da wuri. Kuma ki bar musu ɗan lokaci kaɗan su yi ta bugawa yadda suka so kafin ki fara, in ba haka ba za su ƙwace wannan lokacin a tsakiyar darasinki. Hayaniyar da kike tsoro gaskiya ce. Tana da magani, kuma maganinta ba allo ba ne.

Na huɗu har yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Da na ga aji ya fara tafiya daidai, sai na ari babbar ganga a gari. Lokacin ruwa ya fara janyewa, an hana kamun kifi a babban tafkin garin har kifi ya girma. Na fitar da yara gindin bishiya na ce su buga mini wani kiɗa da kowa ya sani. Suka kalli juna, suka yi dariya, suka ɗauka. Kiɗa mai daɗi, kuma duk sun iya shi, har na sa suka maimaita da ƙarfi. Ba a jima ba na ga maza suna wucewa ta bayan makaranta da sauri, kowa da gorarsa da homarsa. Ashe taken buɗe tafki ne, wanda ba a kaɗa shi sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. A ƙauyenmu namu taken daban yake, shi ya sa ban gane ba. Kafin a tsayar da su wasu sun riga sun faɗa ruwa.

Sarkin Ruwa ya zo da kansa, dattijo, rawaninsa a karkace don sauri. Ya ce, "Malama, wa yake buɗe tafki a garin nan, ni ko ke?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, darasi muke yi."

Ya ce, "Darasinki ya tayar da mutum daga kan shinkafarsa. Ga wancan ko karin kumallo bai gama ba." Ya juya ga yaran ya ce, "Ku kuma, ja'irai, kun sani sarai." Suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Bai kai ƙarata ko'ina ba, Allah ya jiƙansa. Amma ya zaunar da ni ya lissafa mini kaɗe-kaɗen da ba a taɓawa. Ki riƙe wannan: a ƙasarmu kiɗa yana da masu shi. Akwai na masunta, akwai na mahauta, akwai na maƙera, akwai na sarauta. Littafin da aka koya miki da shi ba zai gaya miki na garin da kike ba. Ki tambayi dattawa, ki tambayi tsofaffin mata, wanne ne na wasa da kowa zai iya yi, wanne ne ke kiran mutane. Kada ki dogara da yara a kan wannan, sun fi son abin ya faru.

Na biyar ba abin dariya a cikinsa, kuma shi ne ya fi kusa da tsoronki. Akwai wata yarinya a ajina, Dije, mai in'ina. Saboda dariyar 'yan aji ta daina magana gaba ɗaya, ko sunanta aka kira sai ta ɗaga yatsa. Ranar da na ba ta shantu na ga abin mamaki. Ta ɗora shi a cinya, ta rufe bakinsa da tafin hannu ta buɗe, ba gargada ko kaɗan. Duk aji suka juyo. Daga nan ita ke ba da farawa, ita ke riƙe wa kowa lokaci. Har ta fara amsa tambayar lissafi da baki. Na yi murna har na rasa hankalina. Ranar rabon sakamako, da iyaye suka taru, na sa ta a gaba ta ja sauran. Ban tambayi kowa a gidansu ba. Ina cikin jin daɗi na ga mahaifinta ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya fita.

Washegari ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Malama, karatu na kawo ta. Da kin zo kin same ni, wataƙila in ce ta yi a cikin aji, tun da na ga bakinta ya fara buɗewa. Amma a gaban gari? Mu ba gidan roƙo ba ne. Yanzu kowa ya gani." Na ba shi haƙuri, Malam Sule ya ba shi. Ya ce ya haƙura. Da aka dawo hutu Dije ba ta dawo ba. An gaya mini ya kai ta wurin kawunta a Malam Madori ta ci gaba da makaranta a can. Ban gani da idona ba.

Mutumin nan bai yi laifi ba, 'yarsa ce. Ni ce na tsallake shi. Saboda haka maganar da kika yi a tasha ba shirme ba ce, mutane za su iya faɗin abin da kike tsoro. Amma abin da zai kare ki gaisuwa ce. Kafin darasinki na farko ki roƙi hedimasta ya haɗa ki da wata malama 'yar garin, ku je ku gai da mai unguwa da liman da shugaban iyayen yara. Ki faɗa musu dalla-dalla abin da za ki yi: a cikin aji ne, da rana, ba kirari, ba liƙi, ba cakuɗa maza da mata a rawa. Ki ce yara za su koyi saurare da ƙirga da jiran layi. Ki ce duk mai so ya zo ya tsaya a taga ya gani. Wanda ya ce ɗansa ba zai buga ba, kada ki yi masa gardama, kuma kada ki yi a ɓoye. Ki ba yaron aikin ba da alama, ko rabon kaya da tattarawa. Kuma kada ki fitar da ɗan kowa gaban taro sai kin ji daga bakin uban.

Da na fara wannan takarda, niyyata in haɗa ta da buhun in ba direban da ke zuwa Birniwa ranar kasuwa. Yanzu da na karanta abin da na rubuta, na fasa. Buhun nan ni na zaɓi abin da ke ciki, ni na ɗaure, na miƙa miki ban tambaye ki ba. In ya iso za ki ji nauyin kada wani abu nawa ya fashe, ki tura shi ƙarƙashin gado. Kuma kayan bakin kogi ne, ke kuwa kina tudu, cikin manoman gero da makiyaya. Na tabbata suna da kara, suna da duma, suna da abin da 'ya'yansu ke busawa a bayan shanu wanda ni ban san sunansa ba. In kin yanke shawarar yi, ki ce kowane yaro ya tambayi kakarsa abin da suke bugawa suna yara, ya zo da shi ko ku haɗa shi tare. Buhun zan kai shi ajina gobe. In kin nema da bakinki, zan aiko.

Ga abin da ban sani ba, don kada ki ɗauka na san komai.

Ban san yawan yaran da za a ba ki ba, ko ajin yana da ƙofa.

Ban san halin hedimastanku ba, ko yana cikin masu ganin darasin kiɗa lokacin share fili ne.

Ban san abin da malamin da zai zo duba ki daga kwaleji yake ba wa maki ba. Zai yiwu ya fi son aji mai shiru da allo cike da rubutu, ki rasa wani abu saboda shawarata. Na yi ta juya wannan a raina, ban sami amsa ba.

Ban san waɗanne take ne ba a taɓawa a garin ba.

Ban sani ba ko Dije ta ƙara riƙe shantu, ko bakinta ya ci gaba da buɗewa.

Kuma ban san abin da za ki yi ba ranar da kika tsaya a gabansu, suka zuba miki ido, hannuwansu a kan benci. Wannan ke za ki riga ni sani.

Allah ya yi miki jagora, ya ba ki haƙuri da 'ya'yan mutane, ya sa su amfana da ke. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki gai da matar da kike zaune a gidanta.

Wassalam.

Mahaifiyarki.